Madam Biyu Bisa Biyar

Ran Lahadin da ta wuce ina zaune bakin ƙofar ɗakina ina tsintar wake, jikata Ummi ta zo ta ɗora min littafin lissafinta a cinya, ta ce in nuna mata yadda ake haɗa rabi da kwata. Ban ko gama gyara tabarau ba, ke Rabi kika taso daga gindin murhu kamar an tsikare ki da allura, kika fizge littafin, kika ce mata kada ta dami Kaka, Kaka ta gaji. Ban gaji ba. Na ga fuskarki, kuma na san abin da kike karewa. Shi ya sa na ɗauko biro yau, don ke da Sule da Awudu. Kun girma da labarin cewa Alhaji mai makaranta ya kore ni ne don ya ba 'yar ƙanwarsa gurbina, wai sunan da yaran Mamobi suke kirana da shi, Madam Biyu Bisa Biyar, ƙage ne na 'yan baƙin ciki. Sule har haƙori ya bari a bakin babbar gota, magudanar ruwan unguwa, saboda wannan suna. To, ba ƙage ba ne. Ni na jawo sunan da hannuna, kuma ina so ku ji yadda aka yi daga bakina tun ina da bakin.

Ni ba malamar gwamnati ba ce, ban taɓa taka ƙofar kwalejin malamai ba. Abin da nake da shi takardar gama midil, wato makarantar da ke gaba da firamare, da rubutu mai kyau, da Turancin da ba ya ba ni kunya. Da wannan Alhaji ya ɗauke ni a makarantarsa, ɗakuna shida na katako a bayan gidansa, boko da safe, Arabiyya da yamma. Shekara tara ina riƙe da 'yan aji ɗaya da aji biyu, ina koyar da baƙaƙe da ƙirga da waƙa, ina share majina. A wannan aikin ba na jin akwai wadda ta fi ni a unguwar, ko da kuwa yabon kai jahilci ne. Duk lungun da na bi sai in ji "Madam, sannu," har mai nama kan ƙara min tsoka. A shekarar da nake ba ku labari motar babanku, trotro ɗin da yake ja yana ɗaukar fasinja, ta kwanta a gareji wata da watanni. Abin da nake kawowa daga makaranta da abin da kakarku Mma take samu a wake da shinkafarta, su ne suka riƙe gidan. Ana cikin haka malamin aji biyar ya sami hanyar tafiya waje a tsakiyar zango, ya tafi ba sallama, ya haɗa har da littafin lissafin aji, wanda shi kaɗai ne makarantar take da shi. Alhaji ya kira ni ofis.

"Madam Asana, ke ce babba a nan. Aji biyar naki ne daga Litinin. Littafi kuma zan sayo, in sha Allahu."

Na ce to, na gode, har da murmushi. Amma tun kafin in fita ƙofa na tuna akwai wani rami a karatuna da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina aji biyar ni ma, mahaifiyata ta yi haihuwa mai wuya, na zauna gida zango guda cur ina ɗawainiya da ita. A wannan zangon aka koyar da haɗa guntayen lamba, su rabi da kwata da ɗaya bisa uku, abin da muke ce wa firakshan. Da na dawo an riga an wuce, ana kan ninka su, inda ake buga na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Sai na ɗauka a raina ai haɗawa ma haka take, ka tara na sama, ka tara na ƙasa, shi ke nan. Malaminmu mai saurin bulala ne, ba a tambayarsa. A jarrabawa na faɗi waɗannan tambayoyin na ci sauran, na wuce, babu wanda ya lura. Ni kaina ban san ramin ya kai haka ba. Na dai san duk sanda na ga lamba a kan lamba da layi a tsakani, sai in ji ba na son kallonta.

Littafin da Alhaji zai sayo bai zo ba. Tsarin zango ya kawo mu kan firakshan, na rubuta darasina daga ka, na kai wa Alhaji ya sa hannu kamar kullum, idonsa a kan carbi. Na tsaya gaban yara talatin da wani abu na rubuta a allo: ɗaya bisa biyu a tara da ɗaya bisa uku. Na ce ɗaya da ɗaya biyu, biyu da uku biyar, amsa biyu bisa biyar. Yara suka maimaita da ƙarfi har katakon yana amsawa. Abin ya yi musu sauƙi, ya yi min daɗi, har na fara tunanin ashe tsoron banza nake ji. Mako biyu muka yi a kan haka, haɗawa da ɗebewa, duk da wannan hanya tawa.

A benci na uku ta gefen taga akwai wata yarinya, Zuwera, siririya, marar magana, kullum da garin rogo a ƙumbarta don takan taya uwarta awo da olonka, babban gwangwanin awon hatsi, a Kasuwar Malam Atta kafin ta zo. Ina zagayawa ina duba littattafai sai na ga ta rubuta biyar bisa shida. Na ja mata jan biro, na ce ta gyara. Washegari ta sake rubuta irin tata amsar. Rana ta uku na tsayar da ita gaban aji na tambaye ta ko kunnenta na da lafiya. Ta sunkuyar da kai, ta yi magana can ƙasa.

"Madam, a olonka biyar ne. Saura gwangwani ɗaya ya cika."

"Nan kasuwa ce?" na ce. Aji ya fashe da dariya.

"Madam, in an ƙara abu a kan rabi, ai ba ya raguwa."

Ban saurare ta ba, gaskiya ke nan. Abin da na ji kawai shi ne 'yar shekara goma sha ɗaya tana ja da ni gaban aji, a darasin da nake tsoro. Na ce ta miƙo hannu, na zuba mata bulala biyu a tafi. Ba ta yi kuka ba, ta dai dunƙule hannun ta koma ta zauna. Ran Juma'a na yi musu gwaji. Yaran da suka bi hanyata duk suka sami jan maki mai kyau, Zuwera kaɗai ta tashi da sifili. A ƙasan takardarta na rubuta da Turanci cewa tana da taurin kai, ba ta fahimta, na ce ta kai wa uwarta ta dangwala hannu.

Maganarta ta bi ni gida. Ina wanki ina jin ta, ina salla ina jin ta. Ran Asabar bayan la'asar Mma tana tsakar gida tana auna waken gobe. Kun san olonkarta, babban gwangwanin awon nan da ya yi baƙi don tsufa, wanda yake cin gwangwanin man bata shida daidai. Mma tun tana budurwa ta zo daga Maraɗi, ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ba a taɓa cutarta a awo ba. Na matsa kusa kamar mai taya ta tsinta, na yi tambayar kamar da wasa.

"Mma, in mutum ya sayi rabin olonka, ya ce a ƙara masa kashi ɗaya cikin uku na olonka, nawa ya samu ke nan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Rabi gwangwani uku. In kin raba olonka uku, kowane kashi gwangwani biyu. Biyar ke nan, saura ɗaya ta cika. Wa ke saye?"

"Babu kowa. Wani ne ya ce wai kashi biyu cikin biyar ne."

Nan ta ɗago. Ta tara wake a faifai, ta raba shi tsibi biyar da gefen hannu, ta ture biyu gefe guda, ta bar uku. Ta dube su, ta dube ni.

"Wannan ai ko rabi bai kai ba. An ba ka rabi, an yi maka ƙari, ka tashi da abin da bai kai rabi ba? Wane ɓarawo ne ya koya masa awo?"

Na kalli tsibi biyun nan. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma ko makaho ya shafa zai san biyu ba su kai uku ba. Na tuna yara talatin suna rera biyu bisa biyar, na tuna ƙaramin hannun da ya dunƙule. Mma ba ta buƙaci in gaya mata ko wane ne ɓarawon ba, ta gani a fuskata. Ta tattara wakenta ta ce, "Innalillahi. Asana, ke ce?" Na ce ni ce, na kuma gaya mata har bulalar.

Kwana uku, kullum bayan la'asar, Mma ta zama malamata. Ta jera min gwangwani shida a kan tabarma. Ta nuna min rabi da gwangwani uku cikin shida abu ɗaya ne, suna ne ya canza, waken yana nan yadda yake. Kashi ɗaya cikin uku shi ne biyu cikin shida. Ba a haɗa awo biyu sai an mai da su gwangwani iri ɗaya, sannan a ƙirga gwangwanayen, ita kuwa olonka tana nan a shidanta, ba a tara ta. In ɗebewa ce, ka cire biyu daga uku, saura gwangwani ɗaya, ɗaya bisa shida ke nan. Na tambaye ta to in kwata ce fa, tunda shida ba ta rabuwa huɗu? Ta harare ni yadda take hararar mai sayen da ya cika ciniki, ta shiga ɗaki ta ɗauko wani ɗan gwangwani da biyunsa suke cika na bata ɗaya.

"In gwangwaninki ya ƙi raba su, sai ki nemi ƙarami. Da wannan olonka sha biyu ce. Kwata uku, rabi shida. Wannan ne bokon da kuke ta yi mana yanga da shi?"

Shekarata talatin da takwas a lokacin, ranar na fara gane abin da ya wuce ni ina yarinya. Da a wani hali ne da na yi murna. Amma kowane abu da na gane sai ya ƙara nuna min girman ɓarnar da na yi, abinci ma ya daina shiga. Da na gaya wa babanku, ya shafa kai, sannan ya kawo shawarar da duk mai hankali zai kawo.

"Ki bar kaza cikin gashinta. Ki koma ki ce musu ga wata sabuwar hanya, ki koya musu daidai. Yara ne, mako ɗaya sun manta. Makin yarinyar ki gyara shi a rajista, wa zai sani?"

Haka na yi niyya, kuma haka na fara. Na shiga aji na ce yau za mu koyi sabuwar hanya, na zana olonka a allo na raba ta shida. Muka iso kan biyar bisa shida. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, to wanne ne daidai, na jiya ko na yau?" Na ce ta kwafa kawai. Na juya ga allo na ci gaba da rubutu. Amma ba wannan ne ya fi tayar min da hankali ba. Bencin gefen taga babu kowa tun ran Litinin. Na yi ta gaya wa kaina zazzaɓi ne. Ran Alhamis na tambayi wata maƙwabciyarsu a ajin, ta ce Zuwera tana kasuwa, uwarta ta cire ta. Na aika a ce ta dawo, za a duba makinta. Amsar da aka kawo min ita ce, Maman Zuwera ta gode, amma tun da Madam da kanta ta rubuta cewa yarinyar ba ta fahimta, gara ta koyi abin da za ta ci da shi.

Nan dabarar babanku ta ƙare. Zan iya gyara rajista, zan iya gyara allo, amma takardar da ke hannun matar nan rubutuna ne, kuma ta yarda da shi ne don ni Madam ce. Ba abin da zai dawo da yarinyar sai in je in ce da bakina ni ce ban sani ba. Na kuma san halin Zango, unguwannin nan namu na Hausawa. Maganar da aka yi a kasuwa da safe, kafin azahar ta isa Nima, kafin la'asar an ƙara mata gishiri a Mamobi. Wace uwa ce za ta bar ɗanta a hannun malamar da ba ta iya haɗa rabi da sulusi ba? Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka yi ta a ɗaki, ku kuna waje kuna wasa.

"Asana, ki dubi yaran nan uku," in ji babanku. "Mota tana gareji. In aikin nan ya tafi, me za mu ci? 'Yar wani ce. Kasuwa ba mutuwa ba ce, uwata ma a kasuwa ta rayu."

Ba mugu ba ne babanku, Allah ya jiƙansa, tsoro ne ya yi magana da bakinsa, kuma tsoron nan ni ma shi nake ji, har ya fi nasa. Na so ƙwarai wani ya ba ni hujjar da zan zauna. Na dubi Mma, wadda take bakin ƙofa tana jin mu, ina fatan ta goyi bayan ɗanta.

"Ni ban san boko ba," ta ce. "Amma ran da na tauye wa mutum awo ban sani ba, in na gane, har gida nake bin sa da cikon. Ban taɓa tambaya ko ɗan wane ne ba."

Ta tashi ta tafi abinta. Na ji haushinta a ranar, ba zan ɓoye ba. Ita ba ta da aikin da za ta rasa.

Asabar da hantsi na saka littafin Zuwera da ta bari a aji a jaka na kama hanyar Malam Atta a ƙasa, don in sami lokacin canza ra'ayi. Sau biyu na tsaya. A wajen masu doya har na juya, na yi taku goma, na dawo. Na same su a layin masu hatsi, uwar tana zaune bayan buhunan shinkafa da gari, Zuwera tana durƙushe tana cika wa wata mata olonka, tana share bakin da gefen hannu kamar wadda ta shekara ashirin tana yi. Da ta gan ni ta miƙe tsaye, ta ɓoye hannunta a baya. Wannan ɓoye hannun har yau yana sukata. Uwar 'yar arewacin Gana ce, babbar mace mai murya, Hausarta irin ta Zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji, tana kuma haɗawa da yaren Tuwi, makaranta ma sukuu take ce mata. Ta tare ni da fara'a, ta kakkaɓe min benci.

"Ei, Madam da kanshi! Sannu da zuwa. Kar ka damu da yaron nan koraa, kanshi ba na sukuu ba ne. Nan ya iya paa."

Na ƙi zama. Na buɗe littafin a kan buhun shinkafa, na ce ina roƙon a ara min olonka da gwangwani. Na auna uku, na ce wannan rabi. Na auna biyu, na ce wannan kashi ɗaya cikin uku. Na tambaye ta nawa ke nan. Ta yi dariya ta ce biyar mana, wannan ai ko jariri ya sani. Na nuna mata inda 'yarta ta rubuta biyar bisa shida, da jan biron da na ja a kai.

"Abin da ta rubuta ke nan, Maman Zuwera. Ita ce daidai. Duk ajin ita kaɗai ce daidai. Ni ce na koyar ba daidai ba, don ban sani ba. Na doke ta a kan gaskiyarta. Na zo ki yafe min, ki mai da ita makaranta."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta a hankali. Ta dubi littafin da ba ta iya karantawa, ta dubi 'yarta, ta dube ni. Matan da ke gefe sun riga sun bar cinikinsu.

"Tsaya, Madam. Kai ne ba ka sani ba? Kai ne ba ka sani ba, ka buge yarona? Ni ma na buge shi a gida saboda takardanka! Ei! Jama'a, ku zo ku ji!"

Suka zo kuwa. Na tsaya a tsakiyarsu da jakata a hammata, ta faɗa min duk abin da ya zo bakinta da Hausa da Tuwi da yarensu, kuma babu ƙarya a ciki. Wata mai gari ta tambayi Zuwera me Madam ta ce amsar take, yarinyar ta ce a hankali, "Biyu bisa biyar." Wata ta maimaita da ƙarfi, aka kwashe da dariya. A nan aka raɗa min suna, ba tare da rago ba.

Ran Litinin Maman Zuwera ta riga ni isa makaranta, da wasu iyaye mata huɗu. Bayan sun tafi Alhaji ya kira ni, ya sa na rubuta masa lissafin a takarda. Kallo ɗaya ya yi masa.

"Nusufi da sulusi? Ai asalinsu shida ne, uku da biyu, biyar. Wannan ko a rabon gado shi ne farkon karatu." Ya jawo littafin darasina, ya ga hannunsa a ƙasan kowane shafi, ya rufe shi da sauri. "Madam Asana, me ya hana ki zo wurina tukuna? Da mun rufa wa juna asiri. Yanzu kin kai makarantata kasuwa."

Na ce masa rufin asirin ba zai dawo da yarinyar ba. Ya ce in ƙarasa zangon, daga nan sai mu ga abin da Allah zai yi. Na gane me yake nufi. Bai yi min rashin mutunci ba, kuma ba shi da wata 'yar ƙanwa da ta gaje ni. Iyaye ne suka fara kwashe 'ya'yansu, shi kuma makarantar ce abincinsa.

Mako uku suka rage min. Washegari na shiga aji ɗauke da olonkar Mma da gwangwanayenta da ƙullin wake. An dawo da Zuwera, tana bencinta. Na tsaya gaban allo na ce wa yara abin da na koya musu da farko kuskure ne, nawa ne ba nasu ba, kuma Zuwera ce ta yi daidai tun ranar farko. Na karɓi takardar gwajin nan daga hannun Zuwera na yage ta a gabansu. Na kira ta ta fito ta auna musu, ta fito ta yi ba tare da ta dube ni ba. A makonni ukun nan kowane yaro sai da ya auna da hannunsa, ya ga uku cikin shida da shida cikin sha biyu duk rabi ne, ya haɗa, ya ɗebe. Ban taɓa koyarwa mai kyau irin ta waɗannan kwanaki ba, kuma kullum na shiga ina jiran a kira ni ofis. Ranar da aka ba da hutu aka kira ni.

Sauran kun san shi, ko da ba ku san dalilinsa ba. Na nemi aiki a makarantu uku, sunan ya riga ni zuwa ko'ina. Na ɗaura zani na zauna gefen Mma ina zuba wake da shinkafa a ganye, har ta rasu na gaji tukunyar. Shekarar nan mun sha koko ba ƙosai, an mai da Sule makarantar da ba ya so, babanku ya yi wata biyu ba ya min magana sai ta dole. Shi ya ƙirƙiro labarin 'yar ƙanwar Alhaji ran da Sule ya dawo da jini a baki, don ku iya ɗaga kai a unguwa. Ni kuma na yi shiru na bar shi, saboda na gaji da jin kunya. Na iya faɗar gaskiya gaban kasuwa guda, na kasa faɗa wa 'ya'yana uku. Wannan shi ne laifina a wurinku, ku yafe min.

Zuwera ta gama aji shida a wata makaranta. Ba zan yi muku ƙarin gishiri in ce ta zama likita ba, ban san abin da ta zama ba. Na ji an ce tana Kumasi da iyalinta. Ba ta taɓa ce min ta yafe ba, ni ma ban ga dalilin da zai sa dole ta ce ba. Sau da yawa an tambaye ni ko na yi nadamar zuwa kasuwar nan, musamman a shekarun da abubuwa suka yi tsanani. Akwai ranakun da na yi. Amma ko a waɗannan ranakun, abin da ya fi damuna shi ne ranar da yarinya ta gaya min gaskiya a fili, cikin ladabi, na ce mata nan ba kasuwa ba ce.

Rabi, olonkar Mma tana ƙarƙashin gadona, da gwangwanayen duka, har da ƙaramin. Gobe bayan la'asar ki turo min Ummi da littafinta, kada ki biyo ta. Rabi da kwata uku bisa huɗu ne, amma ba zan gaya mata ba, da hannunta za ta auna ta gani. In kuma ta ga na yi kuskure ta faɗa min. Wannan karon zan saurara.